Dattijuwa Mai Igiya

A shagon kayan girki, inda aka jera obin na gasa fiza, wata dattijuwa tana zagayawa da igiya a hannu. Gajera ce, hannayenta duk tabon ƙuna, tsoho da sabo. Ina zaton ta daɗe tana gasa burodi, yanzu masu saye sun matsa mata da fiza.

Ba ta kallon takardar jikin obin. Igiyar take miƙawa a faɗinsa, ta dubi ƙullin da ta yi a jikinta, ta wuce.

"Mama, wannan ya fi kowanne zafi," in ji mai shago, yana nuna mata wani ƙaton obin.

"Ɗan nan, in ya ƙi shiga ƙofata, a titi zan yi gashin?"

Na sunkuyar da kai. Ni mai karatun ƙasar waje, mako uku na yi ina nazarin zafin obin kafin na sayi nawa. Yau kwanansa tara a tsakar gida cikin leda, ƙofar kicin ta ƙi shi. Canji na zo roƙo.

"Mama, in kin gama, ara mini igiyar mana."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ƙofarka da tawa ɗaya ce?"