Ranar da Mai Fanka Ya Toshe Bakin Fanka

A layin masu gyara, tsakanin shagon Tela da na mai sayar da batir, akwai wani ɗan shago da bai taɓa samun allo ba. Baƙon da ya tambayi inda ake duba kwamfuta, ce masa ake yi, "Je wajen Mai Fanka." In ya ce ai shi ba fanka ya kawo ba, sai a ce, "Kai dai je."

Sunan tun na samartaka ne, lokacin da sana'arsa ita ce naɗin wayar fankar sama da ta tebur. A wancan zamani ƙamshin ƙonanniyar waya ne turarensa, yatsunsa kuwa ba sa rabuwa da baƙin mai. Da mutane suka daina kawo fanka gyara, ya koma rediyo da kaset. Kaset ya mutu a hannunsa yana ji yana gani, ya koma kwamfuta. Ranar da ya fara kwance laftof ya ci karo da wata 'yar fanka da ba ta wuce marfin gwangwanin madara ba, dariya ya yi har da hawaye.

"Ashe ke ma kin biyo ni nan," in ji shi.

Bai taɓa fara aiki da sukundireba ba, da kunne yake farawa. Zai kunna na'ura, ya karkata kai hagu, ya lumshe ido kamar mai satar jin hirar maƙwabta. Can sai ya ce, "Ƙura ce ta shaƙe ta." Ko kuma, "Boris ne ya cinye, ƙarfen da fankar ke juyawa a kansa." Ko ya buɗe ido ya harari mai ita: "Wannan lafiyarta lau. Kai ne ke kwantar da ita a kan katifa kamar jaririya."

Da aka fara yayin manhajar da ke sarrafa fanka, da farko tsaki ya yi. Daga baya ya zauna ya koye ta, har ya zama ba wanda ya kai shi a layin. Abin ba wuya a ido: zane ne na wani layi mai hawa kamar tudu, ƙasa zafin na'ura, gefe gudun fanka. Ka ja layin sama, fanka ta tashi da wuri tana huci, na'ura ta yi sanyi. Ka ja shi ƙasa, a samu shiru, zafi kuma ya taru a ciki. Masu ofis da ɗalibai duk shirun suke nema.

"Baba, kashe min ita gaba ɗaya, kunya take ba ni a ɗakin karatu."

"Kai in ka yi gudu ba ka haki? To toshe hancinka mu gani." Sai ya sassauta layin kaɗan, ya miƙa musu da karatun da kowa a layin ya haddace: "Injin da ke kuka yana da rai. Wanda ya yi shiru, shi za ka ji wa tsoro."

Tela kan ɗago daga kan kekensa ya ce, "An fara wa'azin fanka, jama'a a gyara zama."

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta taɓa kiransa Mai Fanka ba, ita ce yayarsa. A wurinta shi Auta ne, ko da furfura ta cinye masa kai. Shekara goma sha biyu ta ba shi. Mahaifiyarsu ta rasu bai cika shekara biyu ba, Yaya ce ta goye shi, ta yaye shi, ta zane shi. Ba hoto ko ɗaya na Inna, kuma duk waɗanda suka san ta sun ƙare, saura Yaya. Tun yana yaro yake tambaya, "Yaya, wai wace iri ce Inna?" Amsa ɗaya ce shekara sittin: "Mace ce kamar kowa. Tashi ka wanke ƙafarka."

Da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa, ɗakin da ke kusa da ƙofa. Muryar nan da a da ake ji daga bakin titi ta koma kamar zare. Wata safiya yana shirin fita ta yafito shi.

"Auta, kana da abin ɗaukar magana, ko duk cika baki ne?"

"Akwai, Yaya."

"To gobe da hantsi ka zo da shi, in faɗa maka Inna. Sau ɗaya zan faɗa, ba ni da numfashin maimaici."

Babbar 'yarsa, wadda ke aiki a kantin magani har gida ake kiranta Likita, ta miƙo wayarta. "Baba, ga wannan, dannawa ɗaya ne."

"Waya ta gaisuwa ce," in ji shi. "Maganar da na jira shekara sittin ba za ta shiga abin da ake sa wa a aljihu ba."

Washegari ya ɗauko tsohuwar laftof ɗinsa ta shago, wadda yake kira Tsohuwa, da makirufo mai kyau da ya jima yana ajiya. Suka gwada. Yaya ta ce, "To, ana ji na?" Ya mayar ya saurara, sai ya ji fankar Tsohuwa a gaba tana fuuu, muryar Yaya can a baya kamar daga cikin rijiya. Wayar makirufon gajeriya ce, ba damar nesanta na'urar.

Ya buɗe manhajar. Ya kama layin nan ya ja shi ƙasa, ya ƙara ja, har ya kwanta a sifili. Jan rubutu ya fito yana gargaɗi, ya danna masa ya wuce. Fanka ta ɗauke wuta. Ya kashe fankar sama ita ma, ya rufe taga, ya ɗora Tsohuwa a kan filo daidai kafaɗar Yaya. A ransa yana cewa, minti goma ne, me zai faru?

Yaya ta fara, kuma ba ta tsaya a minti goma ba. Kamar an kwance bakin buhu. Shi kuwa ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, idonsa na kan koren layin da ke rawa a allo. Yana jin babur ya wuce, ya ɓata rai. Yana jin awarwaronta ya taɓa gado, ya yi mata alama da hannu. Muryar na shiga tas, yana ta murna. Lambar zafi kuwa ya riga ya ture ta can bayan allo, bai ga sanda ta haye saba'in ba, balle casa'in.

Wajen minti arba'in, allon ya yi baƙi ƙirin. Warin roba ya tashi. Ya kai hannu ƙarƙashinta ya janye da sauri, ta fi dutsen gugar Tela zafi. Manhajar da yake ɗauka da ita ba ta ajiye komai sai an danna tsayawa, kuma bai danna ba.

"Ta ɗauka?" in ji Yaya, tana haki.

Ya shiga danna maɓallin kunnawa.

"Auta, da kai nake."

"Ta mutu, Yaya. Zafi ne. Ni na kashe mata fanka."

"Kai? Kai da ka hana duniya sakat?" Ta so ta yi dariya, tari ya tare ta. Da ya lafa ta ce, "To ba komai. Ai kai ka ji da kunnenka."

Nan ne ya lalubi kansa, abin da ya samu bai cika cokali ba: wani shuɗin kwano, da wata rijiya. Babur ɗin da ya wuce ya fi zama masa a kai.

Yaya ta zuba masa ido. "Me na ce maka game da hannunta?"

Ya shiga sosa ƙeya yana kallon baƙin allon. Ta juya fuskarta bango, ta ja mayafi.

Kwana uku ba ta iya magana ba, sai ruwa da cokali. Likita ta ce hirar nan ce ta kwashe mata ƙarfi, kuma kada kowa ya sake tayar da zancen. Mai Fanka ya riƙa zuwa shago yana zama kamar wanda aka aiko. Da ya ba Tela labari, Tela ya tsayar da keke.

"Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi! A kan filo fa ka ce?"

"A kan filo."

"Da wani ne ya yi, da yau layin nan ba mai shan ruwa." Ya ga abokin nasa bai murmusa ba, sai ya sauke murya. "To zaman me kake yi? Gyara ta mana. In Allah Ya ara mata wata safiyar, a same ka a shirye."

Ya kwance Tsohuwa kamar ta baƙo. Ya share ƙurar da ta yi kauri kamar auduga, ya kankare busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwarta ya shafa sabo. A manhajar ya rage wa ƙwaƙwalwar ƙarfi zuwa kashi sittin, don ɗaukar murya ba dako ba ne. Fankar kuwa ya ɗaure ta a gudu ɗaya mai taushi, ba hawa ba sauka, domin ya daɗe da sanin tashi da faɗuwa ne ke damun kunne, ƙara mai tafiya ɗaya mantawa ake yi da ita. Ya ƙara wa makirufo waya kamu huɗu. Ya tsinci marafan kwalba huɗu a bakin kwata ya wanke, ya ɗora ta a kai don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Ya bar ta a kunne daga hantsi har la'asar, lamba ba ta wuce hamsin da takwas ba.

A rana ta huɗu yana shan shayi Likita ta leƙo, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Baba, Gwaggo ta ce wai a tambayi makanike ko injinsa ya huce. Ni dai na ce a'a, ta ce ba ni ta aika in yi shawara ba."

Ya ajiye Tsohuwa a kan kujera can gefen ƙofa, bisa marafan kwalba. Taga a buɗe. Abin sauraron ya naɗe shi ya sa a aljihu, ya zauna a ƙasa daidai gadon, kamar yadda yake zama tana tsefe masa kai yana yaro. Daga gefe fankar na ta guninta a hankali.

"Tana damunki in ƙara rage ta?"

"Bar ta. Ita ce ma ta tuna min abin da ban faɗa ba rannan." Ta numfasa. "Inna ba ta iya aiki shiru ba. Wanki, shara, tsintar shinkafa, kullum akwai wani guni a maƙoshinta, mmm, ba waƙa ba, ba magana ba. Da shi muke sanin inda take a gida. In ka yi rigima ta ɗora ka a ƙirji, gunin nan ne ke sa ka barci. Ranar da na tashi na ji gidan shiru tana shara, ranar na san ciwon ya ci ƙarfinta."

Mai Fanka ya ƙara matsowa jikin gadon.

"Bahaguwa ce. Abin da na ce maka game da hannunta ke nan, kurma. Kuma in ana mata magana, haka take karkata kai hagu ta lumshe ido. Ga shi nan kana yi yanzu. Shekara sittin ina kallonta a wuyanka, shi ya sa in ka tambaye ni nake korarka wanke ƙafa."

Minti goma sha ɗaya ta yi, numfashi ya gaza. Ya ce, "Yaya, shuɗin kwanon fa? Da rijiyar?"

"Sun tafi da zafin injinka. Tashi ka danna abin, kada ka sake yi min asara."

Ya danna. Ya ajiye a wuri uku.

Ba ta sake doguwar magana ba, bayan sati biyu ta cika. Labarin kwanon da rijiyar ya bi ta, har yau bai san abin da ya faru a bakin rijiyar nan ba.

Da aka kwana biyu, Likita ta saurari muryar a shago, ta share ido ta ce, "Baba, akwai manhajar da ke cire ƙarar baya. Minti biyu in wanke maka ita tas, sai muryar Gwaggo kaɗai."

"Wace ƙarar?"

"Wannan mmm ɗin na fanka."

"Taɓa min komai a shagon nan," in ji shi, "ban da wannan."

Yanzu idonsa ya rage, ƙananan kusoshi na yi masa gardama, amma kunnen na nan. Wani lokaci da azahar, in layin ya yi tsit, yakan ɗora Tsohuwa a kan marafan kwalbarta ya kunna minti goma sha ɗayan nan. Tela na jin gunin ya taso ta jikin langa-langa sai ya ɗage ƙafa daga keke, ya jira. In an kai wajen "kurma", Telan ne ke fara dariya.