Ranar da Na Canza Famfon Mai a Tsakar Gida

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na cusa hannu cikin tankin mota, ni da ko tayar keke ban taɓa kwancewa ba.

Maigidana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Gwaram da Birnin Kudu da wata tsohuwar mota da yake ji da ita. Har katanga ya fasa ya sa babban ƙyaure don ta riƙa kwana a tsakar gida. Wata damina sai motar ta fara shaƙewa tana mutuwa a hanya, daga baya ta ƙi tashi sam. Kafin ya gyara ta, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama ya daina aiki, baki ya karkace, maganarsa ni kaɗai nake ganewa.

Abin da ya fi ci mini rai, masu dubiya ni suke tambaya, "Ya jikin nasa?" alhali ga shi zaune yana kallonsu. Wansa ma, da muke kira Yaya, mutumin kirki da ke ɗawainiyar maganinsa, a kansa ya tsaya ya ce mini, "Ranar kasuwa zan kawo 'yan gwangwan su ja motar nan, ai ta gama yayi." Da Yaya ya fita, maigidana ya kamo bakin zanina da hannun hagu, ido cike da hawaye, ya ce da ƙyar, "Famfon mai ne kawai." Na san idan aka ja motar nan yana kallo, ba wanda ya tambaye shi, to shi ma ya gama karaya.

Washegari ya sa na kashe murhu, na yayyafa wa toka ruwa, na roƙi maƙwabta kada su hura wuta kusa da katanga, don tankin fetur zan buɗe. Ranar garin kwaki muka sha. Na shimfiɗa masa tabarma gefen motar, ya sa na cire kan batir, na ɗaga kujerar baya, sai ga murfin tanki da notuna kewaye da shi. Sifanar kwance notunan tana zamewa tana ɗaye mini fata, warin fetur ya hau mini kai, shi kuma yana ta "Hagu! Hagu!" Ni da ba a rasa ni da tsiwa, na ce, "Malam, hagunka ko haguna?" Da na zaro famfon, ƙanena ya tafi da shi Birnin Kudu ya samo irinsa.

Bayan la'asar na saka sabon, na mayar da tiyo da waya, na ɗaure notuna. Na yi bismillah na murɗa makulli. Shiru. Na sake, shiru. Na kifa kai a sitiyari na fashe da kuka. Can sai na ji wani sauti daga tabarma, na zabura na ɗauka jikin ne. Ashe dariya yake, dariyar farko tun da ya kwanta, yana nuna mini kan batir da na bari a kan turmi ban mayar ba!

Na mayar. Ya ɗaga hannu, wai in murɗa rabi in saurara. Daga ƙarƙashin kujera muka ji famfon ya yi 'yar ƙara siririya. Ya gyaɗa kai, na ƙarasa murɗawa, inji ya kama.

Ƙarar ce ta shigo da Yaya. Ya dubi motar, ya dubi hannuwana, sannan ya zauna a tabarma, gwiwarsa na gogar ta ƙaninsa, ya ce, "Yanzu me kake so a yi da ita?" Aka daɗe kafin amsar ta fito, amma ya jira, bai waiwayo ni ba.

Maigidana bai sake tuƙi ba har Allah ya karɓi ransa, amma shi da bakinsa ya zaɓi direban da aka ba motar. Tun ranar da na canza famfon nan na koyi abu guda: in na je dubiya, marar lafiyar nake tambaya, kuma ina jira har ya gama amsawa.