Kakana da Jakin Shafi na Tara

Kakana bai san ko bihim ba a karatun boko, amma shi ya fara karanta mini littafi. Shekara talatin ya yi yana kora amalanken jaki, yana kai bulo da yashi wuraren gini, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Daga nan ya tare a kujerar bakin taga ta ɗakinmu.

Littafin kuwa Mama ce ta sayo shi wurin mai tsofaffin littattafai, bangonsa a yage. Labarin wani jaki ne mai launin toka da ubangidansa. Kullum da la'asar, in rana ta ratso labule ta kwanta a kan tabarma, sai in haye cinyar Kaka. Ya bi hotunan da yatsa yana tsara zance, har da gyaran murya kamar malamin makaranta. Idonsa a lumshe, yakan kaɗa harshe irin yadda ake kiran jaki, ni kuma wallahi sai in ga jakin ya fito daga takarda yana tafiya a hankali a jikin labulen, kunnuwansa na rawa.

A shafi na tara, mutumin ya ɗaga sanda sama, jakin yana durƙushe ƙarƙashin kaya.

"Kin gani, amaryata?" in ji Kaka. "Hanya yake nuna masa. Shi kuma ya durƙusa yana godiya."

Na yarda, don a lokacin babu wanda ya kai Kaka kirki a idona, kuma ya san da haka. Abin da yake tsoron rasawa ke nan.

Da na shiga aji biyu na fara haɗa baƙi, sai littafin ya riƙa ɓata. Yau yana ƙarƙashin katifa, gobe a saman kabad. Tsoho da ciwon gwiwa, amma ya iya hawa kujera don ɓoye littafi! Ran nan na zaro shi, na zauna bayan ƙofa ina bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Suka ce mutumin ya yi ta dukan jakin har ya faɗi.

Na zo na tsaya gabansa. "Kaka, ba hanya yake nuna masa ba."

"Wa ya aike ki, sarkin karambani?" Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

"Kai ma ka taɓa dukan naka?"

Ya juya ya kalli titi ta taga. Sannan ya ce wata rana a kan hawa, ya lafta wa jakinsa bulon da ya fi ƙarfinsa. Jakin ya tsaya. Ya dake shi har sanda ta karye, ya tsinci guntun ya ci gaba. Tun daga ranar jakin yake ɗingishi har ya mutu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji ba na son hannun nan ya taɓa ni. Ban hau cinyarsa ba. Amma ban fita ba, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Karanta mini sauran," in ji shi. "Yadda yake a rubuce. Ban taɓa sanin ƙarshensa ba."

Na karanta ina tuntuɓe. Jakin ya tsinke igiya, ya bi wata yarinya mai ba shi ruwa, suka haye tudu, ko waiwaye bai yi ba. Na rufe littafin. Rana ta riga ta janye daga tabarma.

"Wannan ya kyauta wa kansa," Kaka ya ce a hankali. "Nawa bai tafi ba. Washegari da na shiga ɗaura masa amalanke, sai ya ɗingiso ya ɗora kansa a kafaɗata, kamar yadda ya saba."