Wata Bakwai Ban Goya 'Yata Ba

Assalamu alaikum. Ni 'yar Damagaram ce, a unguwar Birni aka haife ni, a Birni aka kai ni ɗakin miji. A lekol, wato makarantar boko, ban wuce aji shida ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin nan ya faru shekaruna ashirin da biyu. Maigidana baduku ne, yana ɗinkin jaka da takalmi a zaure, muna zaune tare da mahaifiyarsa da nake kira Inna. Ni tun ina ƙarama matsoraciya ce. In na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta sau uku. In na gaida mutum ya amsa a gajarce, wuni zan yi ina neman laifin da na yi masa.

Da na haifi 'yata ta fari, na gama wankan jego na dawo ɗakina, sai a wajen wani suna na ji wata mata tana cewa ɗigon fitsarin yaro ɗaya in ya taɓa zane, sallar mace ta tashi a banza, kuma mafi yawanmu masu goyo wahala kawai muke sha a kan tabarma. Sauran mata suka yi dariya suka ci gaba da cin tuwonsu. Ni kuwa maganar ta biyo ni gida ta zauna. Na fara sansana zanena. Na fara sake alwala, sau biyu, sau biyar, har tsakanin yatsuna ya yi fari ya tsage. In na tada kabbara sai zuciyata ta ce kin tabbata bayanki bai jiƙe ba? Sai in sallame in tuɓe in sake. Daga ƙarshe na yanke wa kaina hukunci: na daina goya ta. Nono ma a nesa da jikina nake ba ta, na shimfiɗa leda a cinya, tana gamawa in miƙa wa Inna.

Abin da ya rufa mini asiri shi ne kunyar ɗan fari. Kowa ya san a wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. To ni a bayan wannan na ɓuya. Matan unguwa suka riƙa yabona, wai a zamanin nan da 'yan mata suke sumbatar ɗan fari a bainar jama'a, ga wadda ta gaji kunyar kakanni. Inna takan goya yarinyar tana yi mata waƙa, tana ce mata ƙawata, uwarki ta bar mini ke, ni da ke sai kabari. Ana dariya ina murmushi. Ba kunya nake ji ba. Tsoron 'yata nake ji. Kuma a lokacin, Allah ya gafarta mini, ina ganin Ubangijina kamar mai gadi ne da ya tsaya a kaina da bulala, ba abin da yake jira sai in yi kuskure. Ina sallah fiye da kowa a gidan, amma ban taɓa jin daɗin raka'a ɗaya ba.

Da bazara ta yi zafi, Inna ta tafi Gaffati duba ƙanwarta da ba ta da lafiya. Wanda ya san Zinder, wato Damagaram, ya san bazararmu: famfo yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai abin da mai garuwa ya kawo a bido, wato jarka. Maigidana ya sha yi mini magana a kan ruwa, yana cewa wai ni kifi ya aura ne, amma bai san zurfin abin ba. Ran nan da safe ya fita neman fata, aka bar ni daga ni sai yarinyar, da bido ɗaya a gindin randa. Hantsi bai yi ba ta fara gudawa da amai. Na san abin da ake yi, an koya mana a wajen awo: a tafasa ruwa, a sa gishiri da sukari, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. Na sani sarai. Amma duk lokacin da ta ɓata wuri, sai in ce bari in wanke tabarmar tukuna, bari in ɗauraye hannuna, bari in wanke gefen zanen da nake zaton ya taɓa. Da aka kira azahar na yi alwala sau huɗu. Da na ɗaga bidon don in haɗa mata ruwan, sai na ji shi sakayau. Na juya na dube ta. Idanunta sun faɗa, maɗigarta ta lotsa, tana buɗe baki tana kuka amma babu hawaye.

Na sure ta a hannu, a nesa da ƙirjina kamar yadda na saba, na fita a guje har bakin hanya na tare mai kabu-kabu, wato babur na haya. Mutumin dattijo ne. Ya dube ni ya ce ba zai ɗauke ni a haka ba, rairayin Birni zai kayar da mu, in goya ta. Na ja da baya. Ya daka mini tsawa, ya ce baiwar Allah, ɗiyarki ce ko ta aro? Na kwance mayafina na ɗora ta a bayana. Ba mu kai ƙofar gari ba na ji ɗumi ya gangaro mini daga kafaɗa har ƙugu. Abin da na yi wata bakwai ina gudu ya same ni gaba ɗaya. Sai kuma na ji ɗan hannunta ya kama rigata ya riƙe gam.

A likita, wato asibiti, lokotoron da ya duba ta ya yi mini faɗa sosai, ya ce da na ƙara jinkiri da wani zance ake yi. Aka sa mata ƙarin ruwa. Ina zaune a ƙasa kusa da gadon aka kira la'asar, tufafina duk sun ɓaci, ba ni da na sakewa. Muryar nan ta cikin zuciyata ta taso ta ce yau kam kin halaka. Karo na farko a rayuwata na ce mata ƙarya kike. Na ɗaga hannu na yi wa Allah magana da Hausata, yadda nake yi wa mahaifiyata. Na ce Ya Rabbi, Kai ka ba ni ita, Kai ka halicce ta da fitsarinta da kashinta, Ka kuma san ban ƙi Ka ba. Na gaji da gudun Ka. Ga ni yadda nake. Ban ga wani haske ba, ban ji wata murya ba. Ƙirjina ne kawai ya saki, kamar an kwance igiyar da aka daɗe da ɗaure ni da ita. Na roƙi ruwa a buta wajen wata mai jinya, na goge abin da ya gogu, na yi alwala sau ɗaya, na yi sallata.

Yarinya ta tashi, alhamdu lillahi. Da Inna ta dawo na durƙusa na faɗa mata komai. Ta ce 'yar nan, ashe ciwo kike yi muna yi miki guɗa. Ita ta kai ni wajen wata malama, wadda ta bayyana mini cewa addini ya yi wa mai shayarwa sauƙi, ta yi iya ƙoƙarinta ta yi sallarta, kuma abin da ke damuna sunansa waswasi, maganinsa a ƙi biye masa. Ba zan ce na warke sarai ba. Har yau muryar tana zuwa. Amma alwala ɗaya nake yi, in ta ce sake, in ce na ƙi.

Yanzu matan da suka yabe ni su ne suke cewa na zubar da kunya, ina yawo da 'yar fari a baya, har sunanta ina kira. Su faɗa. Ba su ne suka ɗaga bidon nan suka ji shi babu komai ba. Na yi nadamar watannin da ta miƙo mini hannu na kau da kai, ba kuma zan ƙara mata ko yini ɗaya don a ce ina da kunya ba.

'Yan uwana mata, in kun ga mace ta cika wanke-wanke tana janye jiki daga ɗanta, kada ku tsaya yabo, ku tambaye ta. Mai irin ciwona kuma, ki faɗa wa wani tun da wuri, ki nemi sani a wajen masu shi, ba a wajen suna ba. Allahn da na sani yanzu ba jiran kuskurena yake ba, Ya fi ni son in iso gare Shi. Jiya ina sujada ta hau bayana da ƙafafunta duk ƙasa, ta rungume wuyana. Ban sallame ba. Na ƙara tsawon sujadar.