Me-ka-gani ta rataye jakarta

Da hantsi za ka gan ta a bakin layi, jaka a kafaɗa, takalminta ya cinye ta gefe guda. Ta yi sallama a ƙofar gida, ta jira, ta sake yi. In an buɗe sai ta ce daga kamfanin jin ra'ayin jama'a take, tana da 'yan tambayoyi kan yadda ake tafiyar da ƙasa. Yara ne suka raɗa mata Me-ka-gani, sunan kuma ya bi ta har ofis. A watan nan ta yi ritaya, ban ji wanda ya ce mata ko sannu ba, abin ya tsaya mini a rai.

Aikinta ba na mai gaggawa ba ne. Ka tambayi mutum wa zai zaɓa, ya ce, "Allah dai ya zaɓa mana mafi alheri." Mai sauri sai ya jefa shi cikin 'yan tsaka-tsaki ya yi gaba. Ita kuwa gyara zama take yi, ta tambayi lafiyar yara, ta sha ruwan da aka kawo, har mutum ya saki jiki ya faɗi na cikinsa.

Yayanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ɗan jam'iyya ne na a-mutu. In sakamakon jin ra'ayin ya yi masa daɗi, sai ya baje a shagon aski yana cewa, "Kun gani? Mu ne tsakiya, sauran duk 'yan gefe ne." In bai yi ba, ya ce a ɗaki aka zauna aka ƙirƙira, ya manta ƙafar ƙanwarsa ce ta kumbura wajen tattaro shi.

"Ranka ya daɗe," in ji mai aski, "tsakiyar nan kullum a ƙarƙashin kujerarka take."

Da aka matsa mata ta raba gardama, cewa ta yi, "Ni ban taɓa tarar da mutum zaune a tsakiya ba. Wanda ke tare da ku kan haraji, kan makaranta yana wancan ɓangaren. In an haɗa an raba, sai a kira shi tsakiya."

Ana gab da wani zaɓe aiki ya kai ta shagon telan da ke haya a gidan yayan. Da yamma yayan ya aika aka kira ta.

"Me telan nan ya ce miki? In ba namu ba ne, ya kwashe kekensa."

"Yaya, na yi masa alkawari babu mai ji."

"Ni ma?"

"Kai ma, Yaya."

Daga ranar ya ɗauke mata wuta. Ta je gaishe shi, a ce yana barci, alhali tana jin tarinsa. Matar yayan ta sha ganinta tana share hawaye a bakin ƙofa, don ba ta da uban da ya wuce shi. Shekaru suka tafi a haka, tela yana ɗinkinsa, bai ma san abin da aka biya dominsa ba.

Me-ka-gani, ke ce mai riƙe amanar da ba a rubuta a takarda ba. Ke ce dalilin da mutane ke buɗe ƙofa, su buɗe baki. Mun gode. Masu tasowa a aikin nan, ku koyi zama irin nata, ku koyi shiru irin nata.

Ranar da ta rataye jaka a ƙusa, sai ga yayan da sandarsa. Ya zauna, ya daɗe yana kallon jakar.

"Kin tambayi gari kaf, ni ba ki taɓa tambayata ba."

"Ai kowa ya san naka, Yaya."

"Na shagon aski suka sani. Rufe ƙofar, ki tambaye ni."

Sun jima a ciki. Da na je gaishe ta na nemi jin abin da ya ce, sai ta tura mini kofin ruwa, ta tambaye ni lafiyar yara.