Liƙin Dalma Ba Ya Saki

Idan ka shiga layin masu gyara ka ce kana neman Dalma, ba wanda zai tambaye ka wace ce. Shago na uku ne bayan na mai walda, wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa duka saboda tulin matattun inbata, na'urorin juya wutar batir, da ke bayanta. Tana ciki a kan kujerar da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da waya, tabarau a goshi, ƙarfen liƙi a hannun hagu don bahaguwa ce. Shekararta talatin da huɗu, ashirin daga ciki a kan kujerar nan ta yi su. Babanta ne ya kafa shagon. Tun tana 'yar sha huɗu yake miƙo mata waya biyu ta haɗa da dalma, in ta gama ya kama ya finciko iya ƙarfinsa. In ya saki, ta sake. In bai saki ba ya yi shiru, kuma shirun nan shi ne yabonsa. Da ya rasu bai bar mata gida ko mota ba. Magana guda ya bar mata, wadda duk layin ya haddace: liƙin Dalma ba ya saki.

To, wannan maganar ce mijin yayarta ya taka da takalmi.

Kyaftin ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa, alhali bai taɓa shiga jirgin sama ba, ko bene mai hawa uku jiri yake sa shi. Mai fentin mota ne, kuma gaskiya ɗaya ce, ya iya. Motar da ta sha karo in ta fito daga hannunsa sai ka gyara hula a jikinta. Cutarsa ɗaya: ba ya iya ganin rami ko lotsawa ya ƙyale. Ko a bangon masauki ya gani, hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

Shi da wasu magidanta suna da wani wasa. Duk Asabar da safe sukan haɗu a filin da ke bayan tsohon gidan bulo, su tashi ƙananan jiragen da suke ƙerawa da farin soso, suna juya su da rimot. Akwai tsohon malamin lissafi a cikinsu, ana ce masa Baba Mai Agogo, wanda ba ya tashin komai. Aikinsa ya danna agogo in jirgi ya bar ƙasa, ya rubuta mintin kowa a littafi.

Dalma ba ta zuwa filin, amma ita ke yi wa Kyaftin kayan ciki. Da ya kawo babban jirginsa na farko, mai faɗin hannu biyu a miƙe, ita ta haɗa masa komai. A cikin jirgin akwai wani ɗan allo kamar kwalin ashana, kwantirola. Shi ke ɗebo wuta daga batir ya ba injin farfela, shi kuma ke rage ta ya ba risiba, wato kunnen jirgin da ke jin umarnin rimot. Ta liƙa wayoyinsa, ta finciki kowacce kamar yadda babanta ke yi, ta yanka masa 'yan ramuka biyu a jikin soson don ya sha iska, ta ce ya je ya yi fentinsa.

Ranar Asabar tana shago tana fama da wata fanka, bidiyo ya faɗo guruf ɗin masu gyara. Jirgin na ta shawagi lafiya lau, can sai ya daina jin magana. Kyaftin na murɗa rimot kamar zai karya, jirgin ya sunkuyar da kai ya daki ƙasa. Sai aka ga Kyaftin ya tona tarkacen, ya zaro wata jar waya da ta tsinke, ya kawo ta dab da kyamara.

"Ga aikin ƙanwata nan. Wannan ai da miyau ta liƙa shi."

Aka tuntsire da dariya. Kafin azahar sunan ya zagaye layi: Liƙin Miyau. Mai walda, da babanta ya sha taimaka wa, shi ma sai da ya leƙo ya ce yau da me ake aiki, dalma ko yawu. Masu kawo gyara suka fara tsayawa a kanta suna leƙen hannunta. Wani har ya finciki wayar cajarsa a gabanta don ya gwada. Ta yi masa murmushin haƙori kawai. An ce akwai wasa tsakanin mutum da ƙanwar matarsa, ta sani, ta sha kiransa Kyaftin ɗin ƙasa yana dariya. Amma wannan ba wasa ba ne a wurinta. Gani ta yi ya tono babanta ya mare shi a bainar jama'a.

Ta aika ya ba ta tarkacen, ya ce ya zubar. Washegari Yaya, matar Kyaftin, ta shigo shagon da buhun tarkacen, ta ajiye a bayan ƙofa, ta ce ita dai ba ta kawo komai ba, kuma don Allah a bar maganar ta mutu. Dalma ta ce to. Wannan "to" ɗin, duk wanda ya san ta ya san ba to ba ce.

Abu na farko, jar wayar. Ta sa ta a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Liƙinta na nan daram, yana sheƙi, yana riƙe da guntun wayar. A tsakiya ta tsinke, nesa da liƙin da faɗin yatsa, silin tagulla a barbaje kamar an yage. Wato faɗuwar ce ta tsinka wayar, ba wayar ce ta kawo faɗuwar ba. Ta ji sanyi a ranta, amma na ɗan lokaci. Ta san in ta nuna wannan kaɗai, cewa za a yi tana kare kanta. Sai ta kamo ainihin mai laifin.

Kwana tara tana bi. Ta auna batir da mita, lafiyarsa ƙalau. Ta gwada risiba, yana ji har daga ƙarshen layi. Ta gwada 'yan injinan da ke juya fiffike da jela ɗaya bayan ɗaya, babu mai tari. Ta ɗaure injin farfela a jikin tebur da maƙale, ta haɗa komai, ta sake masa wuta minti goma har takardun shagon suka tashi sama. Kwantirola ya yi ɗumi, bai ko yi gezau ba. A rana ta shida ta fara zargin kanta, ta ƙona yatsa sau biyu, abin da rabonta da shi tun tana yarinya.

A rana ta tara tana tattara ɓaraguzan soson za ta zuba a shara, ta ɗauki guntun hancin jirgin. Sumul. Shuɗin fenti mai ƙyalli, ko'ina sumul. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ina ramin da ta yanka? Ta sa farce ta kankare fentin, sai ga fila, wannan ƙullun da masu fenti ke cike lotsawar mota da shi, an cusa an goge da samfefa. Ta lalubo guntun bayan fiffike. Shi ma haka.

Sai ta ɗauko robar sabulu, ta sa kwantirolan a ciki, ta naɗe da soso, ta rufe ruf, ta sake wuta tana kallon agogon waya. Minti huɗu da daƙiƙa goma, komai ya ɗauke. Risiba ya kurmance, fiffike ya sandare. Ta buɗe robar, allon kamar garwashi. Da ya huce, ya dawo aiki kamar ba shi ba. Ta maimaita sau uku: huɗu da 'yan kai, huɗu saura kaɗan, huɗu cif. Mutumin ya toshe wa jirginsa hanci don kwalliya, jirgin ya shaƙe, shi kuma ya ɗora wa mataccen babanta.

Kowa zai zaci nan take za ta watsa a guruf. Ba ta watsa ba. Ta san bidiyon roba a kan tebur ba ya goge bidiyon faɗuwa. Ta ninke maganar ta sa a aljihu, ta ci gaba da gyaran fanka ana kiranta Liƙin Miyau tana amsawa. Wata biyu.

Sai labari ya zo Kyaftin ya ƙera sabo, ja, ya fi na farko. Wani mai gyaran waya ya yi masa liƙin, da irin kwantirolan nan dai, don biyu Kyaftin ya saya tun farko. Ranar Asabar ɗin ta rufe shago, karon farko a shekara, ta tafi fili.

Jirgin na kan ciyawa yana walƙiya, ana zagaye shi ana yaba fenti. Ta tsuguna ta leƙa ƙarƙashin hanci. Sumul. Ta leƙa bayan fiffike. Sumul.

A nan take da zaɓi, kuma ta san da shi. Tana iya jan shi gefe ta raɗa masa. Amma shekara goma sha biyu yana auren yayarta, ta san shi ciki da bai. In ta raɗa masa, zai ce yau iska ta yi yawa, ya koma gida ya huda, mako mai zuwa ya zo yana koya wa mutane amfanin rami. Sunan miyau kuma ya zauna mata har kabari. In kuwa ta faɗa a gaban jama'a, daga bakinta, ko wuƙa aka sa masa ba zai gyara ba. Sai ta miƙe ta karkaɗe gwiwa, ta ɗaga murya yadda na nesa zai ji.

"Baba Mai Agogo, rubuta min a littafinka. Jirgin nan ba zai wuce minti huɗu da rabi yana jin magana ba. Ya toshe masa iska, kamar yadda ya toshe wa wancan." Ta juyo. "Yaya Kyaftin, ga wuƙa. Huda shi yanzu ka tsira da kayanka. In kuma kana jin kunyar koyon aiki a wurin mai miyau, bismillah."

Gaskiya ta faɗa masa, tsaf, ba ta rage komai ba. Ta dai zaɓi yadda ba za ta shiga kunnensa ba.

Ta ga ya kalli wuƙar, ya kalli fentin, ya kalli wayoyin da aka riga aka ɗaga ana ɗauka. Ya yi dariya ya ce a ji masa mai gyaran fanka za ta koya wa direba tuƙi. Ita kuwa ta bi mutane ɗaya ɗaya tana cewa su koma bayan motoci, kuma a juya jirgin can wajen da babu kowa. Baba Mai Agogo ya goya mata baya, ya ce doka ce.

Jirgin ya tashi. Wallahi ya yi kyau a sama, ita ma ta yarda. Baba na kiran minti. Ɗaya. Biyu. Kyaftin ya yi wata juyawa aka tafa. Uku. Ya waigo ya kashe mata ido. Ita kuwa ta san iskar sama ba ta robar sabulu ba ce, in ta yi kuskure yau sai dai ta canja layi. Huɗu. Ba abin da ya faru. Wani ya fara shewa.

Huɗu da daƙiƙa goma sha takwas, jirgin ya miƙe fiffike ya daina jin kowa. Ya tafi a karkace, a hankali, kamar mai tunani, ya je ya soke hanci a tulin yashi a ƙarshen fili.

Ba ta yi gudu ba. Ta taka har wurin, jama'a na binta. Ta ɓare cikin jirgin ta ce Kyaftin ya taɓa allon. Ya taɓa, ya janye yatsa ya kai baki. Wani daga baya ya ce yau ga inda miyau ya yi amfani, fili ya kece da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ciro tsohuwar jar wayar daga jaka, da guntun shuɗin hancin da fila ke leƙowa, ta ba Baba Mai Agogo. Ya sa tabarau ya duba, ya kama guntun wayar ya finciki liƙin da duk ƙarfin da ya rage masa. Bai saki ba. Tsohon ya yi shiru, ya rubuta wani abu a littafi.

Yaya ta yi sati uku ba ta ɗaga wayarta. Wannan ya yi wa Dalma ciwo, amma ko sau ɗaya ba ta ce da ta sani ba.

A sati na huɗu Kyaftin ya shigo shagon a karkace, don ƙofar ba ta buɗuwa duka, rungume da sabon jirgi, kore, fentin har yana ƙamshi. Bai ba da haƙuri ba, ya dai ce Yayarta ce ta ce ya kawo. Dalma ta ci gaba da liƙin da take yi har ta gama. Sannan ta kira mai walda ya zo ya tsaya, ta ɗauki biro ta zana da'ira a ƙarƙashin hancin, daidai inda fentin ya fi sheƙi, ta miƙa wa Kyaftin wuƙa.

Ya huda ɗan mitsitsi, ya ɗago ya dube ta.

"Ƙara faɗi, Yaya," ta ce. "Akwai na biyu a baya."