Fayil a Gurbin Gilashi

Ofishin da na yi aiki a Haɗeja bene ne mai hawa uku, kuma muna ji da shi, don daga samansa har gonakin shinkafa na fadama ana hangowa. Fuskarsa da ke kallon titi 'yar gata ce. Da an ce babban baƙo zai zo, sai a kafa tsani a shafa mata fenti, iyakar inda tsanin ya kai. Bayansa kuwa, da ke kallon gabas inda ruwan damina ke bugowa, tun da aka gina shi ba wanda ya tambayi lafiyarsa.

A can baya ɗakin ajiyar fayil yake, a hawa na uku, makullinsa kuma a hannuna. Gilasan tagar suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta takarda, aka kafa kwamiti. Kwamitin ya hau, ya leƙa, ya yaba kyan fadama, ya sauka. Sai na bi al'adar da na tarar: in gilashi ya faɗi, ka zaro fayil ka cusa a gurbinsa. Mai kauri ake zaɓa, ya fi tare ruwa.

Wata damina wani dattijo, malamin firamare daga Kaugama, ya fara sintirin neman fayil ɗinsa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, kuma ba za a sa hannu a takardar ritayarsa ba sai an ga fayil ɗin. Gwiwarsa ba ta shiri da matakala, amma duk Litinin sai ya hau, yana hutawa a kowane hawa. Ni kuma in ce masa ana dubawa, da muryar nan tamu ta ma'aikata. Har haushin nacinsa na fara ji.

Ran nan yana zaune hadari ya taso, iska ta tunkuɗo fayil ɗaya daga taga ya faɗo a gabanmu. Sunansa ne a bangon. Nan take na tuna ranar da na zaɓe shi da hannuna saboda kaurinsa. Damina biyu ya sha a wurin. Takardar ɗaukarsa aiki ta manne da ta bayanta, tawada ta narke, ba abin da ake ganewa sai tambari.

Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai. Na jira ya zage ni, wallahi da hakan ya fi mini sauƙi. Shi kuwa hannu biyu ya sa ya ɗauka, ya goge da bakin rigarsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya ce. "Na faɗa wa mutan gida, in dai akwai mai nemo shi a ginin nan, to kai ne."

Na ce amin. Na riƙe masa fayil ɗin har ƙasa, ban kuma faɗa masa komai ba.